'Yan Hagu

A makarantar nan akwai wata dabara da malamai suka gada kaka da kakanni. Ranar da sufeto zai zo, duk ɗan aji sai ya ɗaga hannu: wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Malami kuwa ya yi kamar bai ga 'yan hagu ba. Wai koyarwa ke nan!

Hedimasta ne ya karanta wa sabuwar malamar lissafi wannan a ofishinsa, yana kaɗa makullai. Ya tuna mata har yanzu gwaji take, abin da sufeto ya gani shi zai sa a tabbatar da ita ko a sallame ta. Ta ce to, ta fito. Dama ita kanta ba ta gama yarda ta iya aikin ba.

Ranar ta zo. Sufeto ya zauna a bayan aji, hedimasta ya tsaya bakin ƙofa. Malama ta rubuta tambaya a allo, hannaye suka tashi rututu. A benci na ƙarshe sai ta hango yarinyar da 'yan aji ke kira Shiru-Shiru, hannun hagu a sama, kai a sunkuye. Jiya-jiyan nan ta ga yarinyar ta warware irin wannan lissafin a kan tebur da yatsa, ta goge kafin a gani. Abin ya ƙona mata rai. Haba, yarinya ta san abu amma an koya mata ta ce ba ta sani ba?

"Ke ta can baya, zo ki karɓi alli."

Hedimasta ya yi gyaran murya har sau biyu. Ko kallo bai ishe ta ba.

Yarinyar ta taso ta karɓi allin. Ta fara daidai, a tsakiya ta kwafsa, wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Malama ta galla musu harara, ta ce ba mai taimaka mata, za a jira. Aka jira. Gumi ya jiƙe malamar sharkaf. Yarinyar ta goge da tafin hannu, ta sake, ta gyara layi ɗaya, ana cikin na biyu aka kaɗa ƙararrawa.

Sufeto ya tashi ya fita. Hedimasta ya matso ya cika fam, ya ce wa malama ta biyo shi ofis yanzu, kuma ta zo da jakarta.

Tsoro ta ji, ba ƙarya. Amma da ta waiga, Shiru-Shiru na nan gaban allo, ta ƙanƙame allin.

"Malama, kar a goge. Saura kaɗan."

Malama ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora jakar a cinya.

"Ranka ya daɗe, ka yi gaba. Ɗalibata ba ta gama ba."