Askin Ƙarshe na Mai Buga Takardu

"Ka gyara shi tsaf," in ji jami'in tsaron, yana tsaye da takalmi a kan tabarmar mutane. "Masu binciken haƙƙin ɗan Adam za su zo daga ƙasashen waje da azahar. Gemu kawai, sai ka ɗan rage sama."

Wanzami ko kallonsa bai yi ba. Maƙwabcinsa yake duba, mai buga takardu, wanda aka kwashe daga shago wata bakwai da suka wuce saboda wata takarda da ya buga, aka dawo da shi shekaranjiya ba baki. Wai a banɗaki ya zame. Ƙaryar banza! Shekara ashirin yana aske kan nan, babu tabon da bai sani ba.

Ya cusa yatsu cikin cukurkuɗaɗɗen gashin. Ɗinki. Ga wani. Na uku a ƙeya, har yanzu yana ruwa.

Jami'in ya fita amsa waya. Matar gidan ta ga irin wasa askar da wanzami yake yi, ta gane.

"Baba, ka rufa wa kanka asiri. Kai ma fa da iyali."

"Tun da nake da mijinki tal-kwabo nake masa. Ba yau zan canja ba."

Ya aske kan ƙwal.

"Uban wa ya sa ka?" Jami'in ya daka tsawa da ya dawo. Ya fizgo hula a ƙusa ya danna wa maras lafiyar. "Wallahi za ka gane kurenka!"

Mai buga takardu bai kai azahar ba. Baƙin suka tarar da gawa a shimfiɗe, tafintansu ya ce sun damu matuƙa. Damuwar me? Wata bakwai suna damuwa a rediyo!

Wanzami ya ratsa su, ya zare hular, ya juya kan wajen hasken taga.

"Ce musu su ƙirga ɗinkin," ya ce wa tafintan.

Wata mai kyamara a cikinsu ta durƙusa, ta fara ɗaukar hoto.

Kwana biyu da tashin jirginsu, wata mota mara lamba ta tsaya ƙofar shagonsa. Ya ce wa mutanen da ke ciki su jira ya gama askin da yake yi. Ya goge askar, ya naɗe, ya ajiye ta gaban madubi kusa da hular maƙwabcinsa.