Dariyar Noreen a Faifan 'Yan Ƙaguwa

Duk mai zuwa kasuwar tsofaffin kaya da ke ci ranar Lahadi a filin tsohuwar sinimar garin Oceanside, wadda ake kallo daga cikin mota, ya san Lyle Brubaker. Dogo ne mai ɗan rankwafaffen baya, rana ta gasa fatar wuyansa kamar ta duk wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan allon hawan igiyar ruwa. Ba ruwansa da masu kujeru da fitilu da tsofaffin kekuna. Rumfunan masu faya-fayan garmaho yake nufa kai tsaye, ya durƙusa gaban kwalaye yana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu. In ka yi masa magana ta hagu ka yi asarar yawunka, don kunnen nan ya daɗe da rufewa. Na daman ma saura ƙiris.

Ruwan sanyi ne ya ci kunnuwan. Haka yake yi wa mutanenmu na bakin teku, shekara da shekaru ruwa da iska suna shiga, sai ƙashi ya riƙa tsirowa a cikin ramin kunne har ya toshe shi. An taɓa fafe masa na daman a asibiti, likita ya ce ya haƙura da teku. Ko ciwon bai gama warkewa ba ya koma ruwa, ƙashin ma ya koma inda yake.

Kiɗa iri ɗaya yake saye, wato kiɗan masu hawan igiyar ruwa, jita da ganga zalla babu mai rera ko kalma ɗaya. Falonsa cike yake da su har kan firji. In ya dawo daga teku da safe yakan haɗa kofi, ya zaro faifai, ya goge shi da tsumma mai laushi, ya ɗora allura, ya ƙure murya har tagogi su ɗauki rawa. Sai ya cire takalmi ya taka daɓen katako don gangar ta shigo masa ta tafin ƙafa. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji. Daɗin kiɗan nan yake ji da gaske, amma duk tarin nan hanya ce kawai yake bi, faifai ɗaya tak yake nema.

A shekarar 1963 shi da abokansa uku suna da ƙungiyar kiɗa da suka sa wa suna 'Yan Ƙaguwa. Lyle ne mai jita ta biyu. Suna kaɗawa a zaurukan rawa na bakin gaɓa, inda samari da 'yan mata ke buga ƙafa har ginin ya girgiza, hayaniya kuwa ko muryarka ba ka ji. In zai gyara tsirkiya a cikin wannan ƙara sai ya ciji kan jitar da haƙora ya taɓa, sautin ya bi ƙashin muƙamuƙi ya shiga kansa. Duk masu jitar zamanin sun san dabarar.

Faifai ɗaya suka taɓa yi, a wani ɗan ɗaki da ke bayan shagon gyaran rediyo. A al'adar kiɗan nan akwai wani akwati mai sa jita amsa-kuwwa, a cikinsa akwai murɗaɗɗun wayoyi. In aka shure shi sai wayoyin su yi wata ƙara kamar igiyar ruwa ta fashe a kan duwatsu. Da ita suke so su buɗe kiɗan farko, amma kowa hannunsa da ƙafarsa na kan aiki. Sai mai ganga ya kira ƙanwarsa Noreen, wadda ta kawo musu burodi da lemo, ya ce ta shura. Ta ja baya ta kai wa akwatin shurin da ya wuce ƙa'ida, takalminta ya fice ya bugi mai babbar jita a ƙeya. Sai ta tuntsire da dariya. Mai ɗaukar sautin ya ce ba shi da zaren ɗaukar sauti na ɓarnatarwa, a ci gaba. Haka faifan ya fito: ƙarar teku, dariyar yarinya can nesa da makirufo, sannan ganga ta shigo. Ita kaɗai ce muryar ɗan Adam a faifan gaba ɗaya.

Lyle ya auri Noreen bayan 'yan shekaru. Nasa kwafin faifan kuwa, wata rana da bazara suka bar shi a kujerar bayan mota suka shiga ruwa. Kafin su fito rana ta lanƙwasa shi ya koma kamar kwano. Dariya suka yi har da riƙe ciki, Noreen ta ajiye shi a bakin ƙofa suna zuba makullai a ciki. Me zai dame su? Dariyar tana nan cikin gida safe da yamma.

Ciwo ya ɗauke ta 'yarsu Shawna tana da shekara huɗu. Sai a lokacin Lyle ya duba ya ga abin da ya rage masa: hotuna, da 'yan fina-finan gida na wancan zamani marasa sauti, inda Noreen ke buɗe baki tana dariya shiru. Gidan yayanta ya ƙone a wata gobarar daji da duk abin da ke ciki. Sauran abokan kiɗan biyu, ɗaya ya tafi yaƙi bai dawo ba, ɗaya ya ce nasa kwafin ya ɓace a ƙaura. Faifan dama kaɗan aka buga. Tun daga nan yake durƙuso gaban kwalaye, kunnuwansa na rufewa a hankali, kuma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Kewarta ba ta ragu ba, sabawa kawai ya yi da ɗaukarta.

Wata Lahadi, Hector Quintero mai rumfar ƙarshe ya ɗago masa hannu tun daga nesa. Hector gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa, sun shekara ashirin suna zolayar juna.

"Tsoho, zo nan. A'a, juyo mini da kunnen da ke aiki."

"In kofi za ka saya mini, na riga na sha," in ji Lyle.

"Ni zan saya maka kofi? Zauna tukuna. Ba na so ka faɗi a rumfata a zo ana yi mini tambayoyi."

Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya zaro wani faifai a cikin kwalinsa. Samari huɗu ne a jikin kwalin, sanye da riguna iri ɗaya, sun rungumi allon hawan igiyar ruwa ɗaya saboda ranar shi kaɗai ke kusa. A kusurwa ga ƙaguwa mai riƙe da jita, zanen hannun Noreen. Ledar kamfani tana nan a kansa, ba a taɓa yage ta ba.

"Wani gidan rediyo ne can cikin hamada suka share sito," in ji Hector. "Ku kuka aika musu, ko buɗewa ba su yi ba. Ka ga irin darajar da kuke da ita ke nan. Wannan mai kunnuwa kamar na zomo kai ne? Ashe da can kana da su."

Lyle ya karɓi faifan. Ya ɗora shi a cinya.

Hector ya ci gaba, "Akwai wani mai tara faya-fayai a Osaka da ya daɗe yana damuna da waya a kan irin waɗannan. Na ce masa da mai shi. Ka sa shi a gilashi ka rataye a bango, jikoki su ga kakansu da gashi."

"Buɗewa zan yi."

Hector ya dube shi kamar ya ce zai yanka kyanwar gida. Masu tara faya-fayai suna da wata aƙida da ni dai ban taɓa gane kanta ba: faifan da ba a taɓa ji ba shi ne mai daraja, wanda allura ta taɓa kuwa ya zama gwanjo. Akwai mutane a garin nan masu ɗaki guda na kiɗan da kunne bai taɓa ji ba, kuma suna alfahari da haka.

Hector ya ce, "Haba mutumina. Mai yiwuwa shi kaɗai ya rage a rufe a duk duniya. Kuma bari ka ji, tsohuwar leda takan tsuke ta lanƙwasa abin da ke ciki, ga zafin hamada. Muddin yana rufe, lafiyarsa lau. Ka buɗe, wa ya sani? Kai da ko ƙarar mota ba ka ji, me za ka saurara?"

Da wasa ya faɗa, amma maganar ta bi Lyle har gida. Ya jingina faifan a kan teburin cin abinci. Da safe ya kalle shi, da yamma ya kalle shi, ya ɗauka ya ajiye. A makon nan ko faifai ɗaya bai kunna ba, har matar gidan kusa ta leƙo ta ga ko lafiya. Tsoro yake ji, tsoro irin na ƙaramin yaro. Muddin ledar tana nan, Noreen tana ciki tana jiransa. In ya yage ta ya tarar da kwano, ko ya kunna bai ji komai ba, shi ke nan ba sauran abin nema ranar Lahadi.

Ranar Asabar da rana Shawna ta zo daga San Diego da tako a takarda, wato kifi naɗe cikin siririyar wainar masara, kamar yadda ta saba. Ta haura shekarun da mahaifiyarta ta yi a duniya. Tana ajiye abincin ta ga kwalin.

"Baba, wannan ba kai ba ne? Ina ka samo?"

"Wurin Hector." Sannan ya ƙara da cewa, "Mamanki tana ciki."

"A hoton? Ban gan ta ba."

"A cikin faifan. Muryarta."

Ya ba ta labarin akwati da takalmi, karo na farko. Shawna ta zauna a hankali.

"Shekarun nan duk, kana da labarin akwai muryarta a wani wuri, ba ka gaya mini ba?"

"Ban so ki yi ta nema kamar ni ba."

"To me kake jira?"

"Ina jin tsoro, 'yata."

Ta miƙa hannu ta riƙe gefen kwalin. Shi kuma ya sa farcen babban yatsa ya tsaga ledar. Warin tsohuwar takarda ya fito. Ya zaro faifan ya ɗaga shi daidai ido yana duba gefensa. A miƙe yake sak, baƙi wuluk yana sheƙi.

Ya ɗora allura. Ƙarar tekun ta zo masa dushi-dushi, kamar ana buga ƙofa a gidan maƙwabta. Sai shiru. Sai ganga ta shigo ta tafin ƙafarsa. A cikin shirun nan dariyar take, ya sani sarai, amma bai ji ko alamarta ba.

Ya juya ya dubi Shawna. Ta rufe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta.

"Kin ji?"

Ta gyaɗa kai. Ta matso kusa da kunnensa na dama. "Tana farawa da ƙarfi, sai ta shaƙe kamar mai shaƙuwa, sai ta sake ɓarkewa. Baba, ashe yarinya ce ƙarama."

"Haka take yi," in ji shi. "Haka take yi."

Ya yi mata murna har cikin ransa, kuma ya ji ƙyashinta, duka a lokaci ɗaya, bai san yadda zai raba su ba. Suka mayar da allura, suka ƙure murya. Ƙarar tekun ta kusa fasa tagogi, amma dariyar siririya ce, an ɗauke ta daga nesa, ba ta iya keta ƙashin da ya tare hanya. Ya manna kunne a jikin sifika, nan ma gurnani kawai ya ji. Suka sake, suka kuma sakewa.

"Bar shi," ya ce. "Ke kin samu, ya isa."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da kujera, kiɗan na ci gaba. Can a ciki ga jitarsa, yaro ɗan shekara goma sha tara yana bin ganga a guje. Ya tuna zauren rawa, da zufa, da ƙafafun da ke girgiza gini, da ɗanɗanon fentin kan jita a bakinsa. Sai ya dubi sifikar. Akwatinta na katako ne, mai kusurwa.

Ya rarrafa ya durƙusa a gabanta.

"Baba, me za ka yi?"

"Mayar da allurar farko. Rage muryar kaɗan."

Ya buɗe baki ya ciji kusurwar akwatin, ya lumshe ido. Katakon yana da ɗaci da ƙura. Allura ta sauka, ya ji ƙas-ƙas ɗinta a haƙoransa. Teku ta fashe a tsakiyar kansa. Sannan Noreen ta yi dariya. Ba daga nesa ta zo ba, daga cikin ƙashinsa ta taso, ta hau, ta shaƙe, ta sake ɓarkewa, kusa da shi fiye da yadda ya taɓa jin ta ko a lokacin da suke kwana a kan matashi ɗaya. Ganga ta shigo ta rufe ta.

"Ka ji ta?" in ji Shawna. "Baba, ka ji ta?"

Bai iya amsawa ba, bakinsa na kan katako kuma ba shi da niyyar saki. Hawaye na gangarowa ta gefen hancinsa suna ɗiga a kan sifikar. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama ya juya shi. Shawna ta ɗaga allurar ta mayar da ita farko.