A-kori-kurar Estill Caudill

Shekarar da likita ya ce wa Estill Caudill shi da ramin kwal sun rabu, huhunsa ya riga ya yi baƙi, a shekarar ce ya tuna da motar babansa. Tsohuwar a-kori-kura ce, tana bayan gidansu a kwarin Laurel Fork, can gabashin Kentucky, inda tsohon ya ajiye ta kafin ya rasu. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, ƙaya ta ratsa ta gilashin gaba, ɓeraye sun cinye kujera. Ƙaninsa Denver ya zo da tarakta, suka janyo ta zuwa rumfar kwanon da ke bakin rafi.

Wilma, matar Estill, tana tsaye a baranda tana kallonsu. Denver ya ɗaga mata hula daga kan taraktar.

"Matar yaya, ga motar da za a kai ki coci ranar Lahadi."

"In kai za ka tura, na yarda," in ji ta.

Ita ce ke tuƙa bas ɗin 'yan makarantar kwarin. Tun da mijin ya bar aiki, kullum sai ta fita da sassafe ta bar shi gaban talabijin, ta dawo ta same shi inda ta bar shi, kofinsa ya huce a hannu. Shi ya sa da farko ta yi murna da motar. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa yana gyaran injinan haƙa ya sami abin da zai tashe shi da safe. Ya sauke inji, ya kwance shi ƙarfe-ƙarfe, ya jera sassan a kan tsohuwar ƙofa da ya ɗora bisa ganguna. Abin da ya lalace ya bi wuraren 'yan gwangwan har jihar maƙwabta yana nema. Da yamma ya shigo da ƙamshin baƙin mai, ya ci wake da burodin masara har ya nemi ƙari.

Da ya gama da inji ya koma kan bodi, nan murnarta ta ƙare. Tsatsa ta ci ƙofofi da ƙasan motar, sai an kankare an goge, a yanke inda ya ruɓe a yi walda. Ƙura ja takan cika rumfar har ba a ganin mutum. Ya sayi takunkumi, amma da ya sa sai numfashi ya gagara, ya cire ya rataye a ƙusa. Tarinsa ya canza. Da can yakan yi ya huta, yanzu sai ya dafa bango ya sunkuya, ya daɗe kafin ya ɗago. Ba a jima ba asibiti suka haɗa shi da tukunyar iska, da 'yar roba a hanci. Ya ƙera mata ƙaramin amalanke yana janta zuwa rumfa.

Wata yamma Wilma ta same shi zaune a kan bokiti, fuska duk jar ƙura, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ta fizge sanfefar gugar tsatsa daga hannunsa.

"Ƙurar kwal ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da ta tsatsa?"

Sai da ya ja numfashi kafin ya amsa. "Waccan ta kamfani ce. Wannan tawa ce."

Ta ce masa huhun dai ɗaya ne, bai san ta wane ba. Ta kira 'yarsu Rhonda da ke aure a jihar Ohio, ita ma ta yi ta roƙonsa a waya har da kuka. Ya ce musu ya ji. Washegari da Wilma ta dawo daga aiki, tun daga bakin hanya ta jiyo ƙarar injin guga.

Haka aka ci wani hunturu har zafi ya fara shigowa. Motar ta tashi, ta sami sababbin tayoyi, ya yi mata fentin share fage ruwan toka. Saura koren fentin da ya riga ya saya, yana jiran rana ta buɗe.

Rana ba ta buɗe ba. Ruwa ya tsinke a tsakiyar lokacin zafi, kwana da kwanaki ba sassauci. Wata safiya Wilma tana dafa kofi ta ji wata ƙara kamar jirgin ƙasa na gangarowa daga saman kwari. Ta leƙa ta ga rafin da yara ke tsallakewa da ƙafa ya haura hanya, yana ɗauke da itatuwa da gangunan gas. Ta rungumi tukunyar iskar da hannu ɗaya, ta ja Estill da ɗayan, suka hau tudun bayan gida. Yana tafiya yana faɗuwa, tana ɗaga shi tana zaginsa don kada ya zauna. Daga can sama suka ga rumfar ta tafi gaba ɗaya, suka ga ƙaramar motar Wilma ta bi ta. Suka ga gidan maƙwabciyarsu Opal, tsohuwa mai zama ita kaɗai, ya tashi daga gindinsa ya juya a hankali, fitilar kicin ɗinta tana ci, sannan fitilar ta mutu.

Gidansu ya tsaya, amma laka ta kai taga. An sami gawar Opal a can ƙasa, cikin gonar wani. An sami a-kori-kurar ita ma, a kwanar rafi, kwance a gefe ɗaya, wata babbar bishiya ta tare ta.

Ranar da aka binne Opal, suna dawowa daga maƙabarta, Wilma ta ji Estill yana tambayar Denver ko taraktarsa za ta iya sauka kwanar. Ta jira sai da suka shiga gida, suka tsaya a falon da babu kujera ko ɗaya, bango duk zanen laka.

"Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, Estill. Mutane na kwashe taɓo daga gadajensu, kai kana zancen ƙarfe."

"In ruwan nan ya ƙara mako a cikin injin, shi ke nan."

"To ya zama shi ke nan ɗin."

Denver ya janyo motar, aka ajiye ta a fili gaban gida, tunda babu sauran rumfa. Wilma ta daina yi wa mijin magana sai abin da ya zama dole. Tana wuni tana ɓamɓare katakon daɓe da ya ruɓe, ita da matan coci, shi yana waje cikin zafi yana kwasar laka daga cikin mota da cokalin magini. Wata rana da azahar ta lura ƙarar cokalin ta daɗe da tsayawa. Ta fita ta ga ƙafafunsa kawai a waje, ta leƙa cikin motar ta ga robar ta zame daga hancinsa.

Ya daɗe a asibiti. Da aka sallamo shi ya zama rabin mutum, wandonsa sai da igiya. Likita ya faɗa mata a waje cewa abin da ya rage na huhun bai kai ya hau matakala ba, kuma kada ta sa rai zai ga wani lokacin zafi. Ta kafa masa kujera a baranda. Ya zauna yana fuskantar motar, bai ce a taɓa ta ba, bai ce a rufe ta ba. Abinci sai ya tsakura ya ture.

Wilma ba ta taɓa son motar nan ba, kuma ba ta fara son ta ba. Abin da ta kasa jurewa shi ne idonsa. Wata Asabar ta sa tsohuwar rigar aikinsa, ta ɗauko akwatin sifanu da aka tono daga laka, ta dire a gabansa.

"Faɗi inda zan fara, kafin in canza ra'ayi."

Ya dube ta. Sannan ya ce ta fara zubar da baƙin mai.

Man ya fito kamar madarar da aka dama da ƙasa. Ta kwance fulogai, Denver ya juya injin da hannu, ruwan rafi ya yi ta feshi daga ramukan. Laka ta shiga ko'ina, cikin kafireto, cikin tankin mai, cikin ƙofofi, bayan sitiyari inda wayoyi suke. Estill ba ya iya dogon zance, sai ya sa aka matso da kujerarsa, ya riƙe sanda yana nuna mata noti. In ta kama wanda ba shi ba, ya buga sandar a ƙasa. Ta ce masa wata rana da sandar za ta rama. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tun daga nan ta daina ba shi dariya.

Makaranta ta koma, ta riƙa yin aikin tsakanin fitar safe da ta yamma. Yatsunta suka faffashe, baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin faratanta, yaran bas suna tambaya ko ta koma haƙar kwal. Denver yakan zo ƙarshen mako ya taimaka da abin da ya fi ƙarfinta. Shi ne ya ja ta gefe ya ce injin da ya sha ruwa haka, ko ya tashi, ba a ba shi amana. Ta ce ba amana take nema ba, so take ya ji ƙararsa.

Ganye ya gama zubewa ranar da injin ya tashi. Ya yi ta ƙugi yana mutuwa, sannan ya kama, salansa ta tofar da baƙin ruwa da hayaƙi. Estill ya rufe ido yana saurare. Ya ce a rage wa injin iska kaɗan, ta juya ɗan sukurun da ya nuna, ƙarar ta daidaita. Ita da Denver suka ɗaga Estill suka sa shi a gaba, tukunyar iska tsakanin gwiwoyinsa, ta shiga ta ja.

Tun ambaliyar, in ban da hanyar maƙabarta, bai ga kwarin ba, don a kwance aka fita da shi zuwa asibiti, a kwance aka dawo da shi. Yanzu ya gani. Inda gidan Opal yake sai matakalar siminti da ba ta kai ko'ina. Shagon da suke sayen burodi ya zama fili. Cocin da aka ɗaura musu aure an ja jan fenti a ƙofarsa, alamar za a rushe. Tufafin mutane har yanzu suna rataye a rassan bishiyoyi, sama da kan mutum. Ya riƙa tambayar mutanen kowane fili, tana faɗa masa: waɗannan sun koma wajen ɗansu, waɗannan suna zaune a gida mai taya irin na tirela a filin gwamnati, wannan ba a gan shi ba har yau. Daga baya ya daina tambaya. Motar tana tafiya sumul, giya na shiga ba gardama, shi kuwa ko allon gabanta bai kalla ba.

"Juya, Wilma," ya ce. "Kai ni gida."

Bai ƙara shiga motar ba, bai ƙara tambayar ta ba. Da sanyi ya tsananta ya bar baranda ya koma gado. Ya rasu ƙarshen hunturu, wata safiya tana shirin fita aiki, ta shigo da kofinsa ta ga robar tana huci ita kaɗai.

Da sanyi ya fara sauƙi gwamnati ta fara karɓar filayen bakin rafi don kada a sake gini. Yaran kwarin sun ragu har aka haɗe hanyar bas ɗinta da ta wani. Rhonda ta ce ta taho Ohio, akwai ɗaki. Wilma ta sa hannu ta ba da gidan. Abin da ruwa ya bar mata bai da yawa: katifa, keken ɗinki, tukwane, akwatin tufafi. Duk suka shiga bayan a-kori-kurar, ta ɗaure da igiya. Denver ya roƙe ta ta bari ya kai ta da tasa motar, ta ce ba ta son wanda zai yi mata surutu a hanya.

Ta fita daga duwatsu lafiya, ta haye babban kogi ta shiga Ohio da rana tsaka. Ba ta yi nisa ba allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe daga gaba, injin ya yi wata ƙara kamar an buga guduma a ciki ya yi shiru. Ta gangara gefen titi. Manyan motoci suna wucewa suna girgiza ta. Ta daɗe zaune da hannu a kan sitiyari kafin ta ciro waya.

Bakaniken da ya janye ta zuwa garejinsa dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya zaro sandar gwajin mai ya nuna mata, man ya yi fari kamar wancan na farko. Ya ce uwar injin ta tsage, sai dai a sa wani. Ya zagaya motar yana shafa inda aka yi walda, ya ce wanda ya yi wannan aikin ya san hannunsa, ya tambaya ko mijinta ne. Ta ce shi ne. Ya tambaye ta yadda take so a yi.

"Riƙe ta," in ji Wilma. "In ka sami mai so, ba shi."

Rhonda ta iso da la'asar a ƙaramar motarta. Suka sa keken ɗinki da akwati da tukwane, katifar ta ƙi shiga, suka bar ta a bayan a-kori-kurar. Rhonda tana ta hawaye, tana tambayar ko ta tabbata. Wilma ta ce ta tabbata, ta shiga ta rufe ƙofa, ta ce mata ta kunna abin ɗumama mota, sanyi take ji.