Na Gaji da Lami

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu da nake ba ku labarinsa raina bai gama hucewa ba. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a ciki.

Sunana Jatau, tsohon direban babbar mota. Na yi shekaru ina cin balangu a kowace tasha daga nan har kurmi, sai bana wani likita da na girmi ubansa ya ɗaura min ƙyalle a dantse, ya matsa, ya ce wai ina da hawan jini. Ba nama, ba gishiri sai ɗan kaɗan, kuma in riƙa motsa jiki. Matata Lami ta ɗauki maganar nan ta riƙe kamar wasiyya. Tun daga ranar gidana ya koma gidan zomaye: yau kwaɗon zogale, gobe dafaffiyar kabewa, jibi wake da alayyahu. Da ruwa ya ɗauke kaka ta shigo, sai ta ƙaro sabon salo. Wai mutanen unguwa sun fara hawa dutsen bayan gari duk Asabar don shan iska, har ta sayo min takalmin kambas. Ni da na hau tsaunuka da mota cike da shanu, ni za a ce in hau dutse da ƙafa kamar biri!

Jiya da magariba ta ajiye min faten tsaki da yakuwa da gauta. Na juya cokali, na sake juyawa, ko ƙashi babu. Na kai baki, salam. Na ture kwanon na daka tsawa, “Na gaji da lami! Wallahi a fitar min da lami daga gidan nan!” Abincin nake nufi. Kowa ya san abincin da ba gishiri ba ɗanɗano shi ake kira lami. Ita kuwa ta tsaya ta dube ni, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta, ta nufi gidan yayanta da ke bayan dutsen. Ban kira ta ba. Ina cikin fushi, kuma ban saba gyara magana ba. Haka na kwanta da yunwa.

Barci na ɗauke ni, sai ga ni a gindin dutsen, sanye da kambas ɗin nan da na rantse ba zan sa ba. Kaka ce sosai, dawa ta sunkuyar da kai, iska tana kaɗawa da ɗan sanyi. Busassun ganyaye suna tashi daga ƙasa suna komawa kan bishiyoyi, kowanne ya san reshensa. Wani manomi yana bin kunya-kunya yana mayar da gyaɗa cikin ƙasa. Ban yi mamaki ba. Can ƙololuwa hayaƙi na tashi, na san Lami ce ke girki. Na kuma san in ban je na gaya mata wace lami nake nufi ba kafin ta sauke tukunya, aurenmu ya mutu. Babu wanda ya gaya min, haka kawai na sani.

A bakin hanya an kafa tebur ƙarƙashin ɗorawa. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune a bayansa, akuya tana gefe tana masa fifita.

“Malam Jatau, zauna,” in ji bunsurun.

Babu kujera. Na zauna.

“Ƙara aka kawo. An ce ka kori Lami.”

“Abinci na kora.”

“Da babban baƙi ka faɗa ko da ƙarami?”

“Wane irin babban baƙi kuma? Da baki na faɗa! Baki yana da babban baƙi ne?”

Ya juya wajen akuyar. “Ke kina bayan katanga lokacin. Yaya kika ji?”

“Ranka ya daɗe, da ƙarfi ya faɗa,” ta ce. “Duk abin da aka faɗa da ƙarfi babban baƙi ne.”

Raina ya ɓaci. Na miƙe na buga teburin. “Ni za ku yi wa shari’a? Ni da na kwashi kakanninku a bayan mota na kai kurmi?”

“Mun sani,” in ji bunsurun, yana goge tabarau da gemunsa. “Shi ya sa aka ba mu ofis.”

Ya nuna min ganyayen da ke hawa bishiya. “A ƙasar nan komai yana komawa inda ya fito. Magana ce kaɗai ba ta komawa, ita zarar bunu ce ko’ina. Sai dai ka je ka ɗora wata a kanta.” Ya ɗaga kofato ya buga min hatimi a goshi. “Wuce. In kana so ka hau, ka gangara.”

Na kama gangara. Duk takun da na yi ƙasa sai in ga gari ya ƙara ƙanƙancewa a ƙarƙashina, rufin gidana ya koma kamar murfin kwano. Gwiwoyina suna ƙara, kambas yana cizona. Ina tafe ina zagin likita, ina zagin wanda ya fara shuka alayyahu a duniya.

Sai wani gajeren mutum ja wur ya zo ya wuce ni, da sandarsa da gorar ruwa, yana haki.

“Sannu, Jatau.”

“Kai kuma wane ne?”

“Jininka ne. Hawa nake.”

“Wa ya ba ka izini?”

“Kai mana. Duk lokacin da ka ja tsaki sai in ƙara sauri.”

Na ja tsaki. Ya ƙara sauri.

“Tsaya!” na ce. “In ka riga ni kaiwa sama fa?”

Ya waiwayo ba tare da ya tsaya ba. “Sai ta yi takaba maimakon idda. Duk zaman ɗaki ne.”

Ya haye wani falalen dutse ya ɓace. Ban taɓa ganin mara kunya irin jinin nan ba, a jikina ya girma amma ko jirana ba zai yi ba.

Ƙamshin tsire ya doki hancina. Na bi shi da gudu, na tarar da tukuba a kan wata kwana, rago yana tsaye a bayanta yana juya tsinkaye. Yawuna ya tsinke. Na matsa na duba. Kuɓewa ce a soke, da gauta, da yankakkiyar kabewa an barbaɗe da ƙuli.

“Ina naman?”

“Ya tafi hutun kaka,” in ji ragon.

“Ka ba ni ko tsoka ɗaya, don girman Allah.”

Ya ƙura min ido. “Na gane ka. Kai ne ka ci wana a wata tasha, har ka ce ya yi tauri.”

“Ai ya yi tauri!”

“A gidanmu kowa ya san shi da sauƙin kai.”

Na sa ƙafa na shure tukubar. Garwashin ya watse ya yi sama, kuɓewar ta sauka daga tsinkaye ta koma gona a layi. Can bisa na ji jinina ya yi shewa ya tsallake wani rami.

Sai ga ni gaban wata tsohuwa, tana zaune a kan ƙatuwar kabewa, tana ɗaukar wake daga ƙwarya tana mayarwa cikin kwasfa.

“Iya, ina hanyar sama?”

“Ba Iya ba ce. Ni ce kaka.”

“Kakar wa?”

“Kakar bana.” Ta liƙe kwasfa ta jefa gefe. “Ɗan nan, hanya biyu ce. Akwai gajera. Ka ce ‘sannu da aiki’ sau ɗaya tak, dutsen zai durƙusa ka taka kansa.”

“In ce wa wa?”

“Wa ya saba yi maka aiki?”

“Ni aka cuta, Kaka! Ni aka mayar zomo a gidana! Ni kuma zan yi sannu?”

“To bi doguwar,” ta ce, ta ci gaba da wakenta.

Na bi doguwar. Ƙaya ta yage min riga, ƙarangiya ta cika wandona, na yi rarrafe a inda awaki ke tafiya da waƙa. Amma ban yi wa kowa sannu ba, kuma a lokacin har alfahari nake da hakan.

A ƙarƙashin dutse na ƙarshe na iske jinina zaune yana hutawa. Taku ɗaya ya rage masa.

“Bismillah, wuce,” ya ce. “Tsaki ɗaya nake jira.”

Na datse leɓena na wuce.

Saman dutsen tsakar gidana ce, har da igiyar shanya da randar da ta tsage. Lami tana zaune a kan kujerarta ’yar tsugune gaban murhu, mayafin nan yana kafaɗarta. A gefenta ga kwanon faten da na ture, an rufe shi da faifai.

“Lami!” na kira.

“Na’am,” in ji kwanon fate.

“Ba ke ba!”

Matata ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba. “Ka ji ko? Ba ni ba.”

“Ke nake nufi!”

“Jiya ma haka na ji.”

“Jiya ba ke ba ce, ita ce! Yau kuma ke ce, ba ita ba!”

“To ni yanzu in tafi ko in zauna?” in ji kwanon.

Na ji kamar in yi bindiga. Na fara bayani, tun daga likita har zuwa cokali. Duk kalmar da ta fito daga bakina sai ta faɗo ƙasa, Lami ta tare da ludayi, ta hura, ta ɗanɗana.

“Ba gishiri,” ta ce. Ta tari wata. “Wannan ma babu. Malam, shekara da shekaru nake haɗiyar maganarka a haka, ban taɓa cewa a fitar min da kai ba.”

“Ke ba ki san azabar rashin nama ba!”

Sai a lokacin ta ɗago. “Yaushe rabon da ka ga nama a kwanona? Ni likita ya hana?”

Duk unguwa an san Lami da son ganda, ita ce ke tashi da asuba ran sallah don kan rago. Na lalubi ranar ƙarshe da na ga ƙashi a hannunta, na tarar tun kafin ƙyallen likita ne. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

“Me kike dafawa?” na ce, don in sauya magana.

“Dutse. An ce mai haƙuri yakan dafa shi har ya sha romonsa. Tun ranar da aka kawo ni gidanka na ɗora.”

Ta ɗaga murfin. Na leƙa. Wani baƙin dutse ne yana juyi a tafasasshen ruwa, da hulata a kansa. Ta sa tsinke ta soka, tsinken ya karye.

“Bai nuna ba,” ta ce. “Itace kuma ya ƙare. Zan sauke.”

Ta mayar da murfi, ta naɗe tsumma a hannu biyu. A nan tsoro ya kama ni, tsoron da ban taɓa ji ba ko ranar da birki ya tsinke min a gangara. Na tuna maganar kakar bana. Na ja numfashi zan furta kalmar. Lami ta kama kunnuwan tukunyar. Jinina ya leƙo daga bayan dutse yana murmushi.

“San…” na ce. “San…”

Murfin ya fara rawa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido, gari ya waye, ƙarar kuwa tana nan. Na fito da gudu ba hula, a zatona ta dawo. Akuyar maƙwabcina Isiyaku ce, ta ture murfin tukunyar jiya ta zura kai ciki. Murhu a sanyaye, ƙofar ɗakin Lami a rufe, takalmanta babu.

Na kori akuyar da zagi. Na duba tukunyar, saura ɗan kaɗan a gindi. Na tsuguna na sa hannu. Ya huce, ba gishiri, ba ƙashi. Sai yanzu na ji gyaɗar da ta daka a ciki, da daddawar da ta sa don ta rufe min rashin naman. Na suɗe tas.

Na dubi kujerarta ’yar tsugune. “Sannu da aiki,” na ce.

Akuyar ce ta amsa daga kan katanga.

Na kusa jan tsaki, na haɗiye. Na shiga ɗaki na jawo kambas ɗin daga ƙarƙashin gado, ko takardar cikinsa ban cire ba tun da ta sayo. Gidan yayanta yana bayan dutse, kuma mota ba ta zuwa can.