Shawarar Harisu

Harisu ya dawo daga yankan riɗi a Fashaga idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa kamar shayi. Uwarsa Barira maƙwabciyata ce a Gadarif. Tana ganinsa ta san ciwon, shawara ce. Sai dai a lokacin Turawa ba su daɗe da tafiya ba, kowa yana ɗokin mustashfa, wato asibiti, wai zuwa wurin mai magani ƙauyanci ne. Ta ɗora shi a jaki suka tafi.

Tun hantsi suke layi har azahar. Hakim, wato likitan, yaro ne daga Hartum, kansa a kan takarda. Barira Larabcinta na kasuwa ne, ta ce masa, "Indu shawara." Tana nufin yana da ciwon shawara. Shi kuwa a kunnensa shawara ake nema, irin wadda ake ba mutum da baki.

"Shawarata ya huta, ya sha ruwa, ya Hajja," ya ce, ya miƙa mata ƙwaya shida. Bai ɗaga kai ba. Na faɗa ba kunya: wanda ba ya duban fuskar mara lafiya magatakarda ne, ba likita ba.

Kwana huɗu Harisu yana amai. Barira ta kasa zama, ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa shi ta koma bakin ƙofa. Ran na biyar ta kira ni, muka ɗauko Tsoho wanzami, wanda ya yi wa rabin unguwa kaciya.

Tsoho ya ja fatar idon, ya danna cikin. Harisu ya yi nishi.

"Kin kai shi wurin masu farar riga, da suka ƙi shi kin tuna da ni."

"Baba, ka yi mini faɗan gobe. Yanzu ka jiƙa masa wani abu."

"Zan jiƙa, amma hantar ta kumbura. Wannan ta fi saiwata. Malam Gado, kai kake da Larabcin littafi, tashi mu koma."

Ba mu bi layi ba. Mai gadi ya tare mu, Tsoho ya ce masa, "Kai, ni na yi maka aski ran suna, kauce." Ya kai Harisu gaban tebur, ya buɗe idon da yatsu biyu a ƙarƙashin hancin hakim.

"Yarƙan ne," hakim ya ce, sunan ciwon shawara ke nan da Larabci, ya miƙe tsaye. "Me ya sa ba ku faɗa ba?"

Na fassara wa Barira.

"Gaya masa na faɗa. Shi ne bai duba ba."

Na gaya masa, ban rage komai ba. Aka ba Harisu gado. Matan unguwa suka raba kwana, kowacce da ranar kununta, Tsoho yana zuwa kullum ya duba idon da kansa. Bayan wata guda Harisu ya fito da ƙafarsa, ya rame ƙwarai. Tun daga nan a unguwarmu mara lafiya zauren Tsoho yake fara zuwa, in ta kama a je mustashfa, ba a barin kowa ya tafi shi kaɗai.