Ramin da Na Tona a Wadi Digla

Ranar Alhamis ce, ƙarshen watan Maris. Gari ya waye garau babu iska, tun da hantsi rana ta fara cizo. Muna tsaye a ɗakinmu na unguwar Ainu Shams a Alƙahira, ni da yayana Hadi da abokina Abel, jakunkuna a ƙasa, jarkokin ruwa biyu a bakin ƙofa.

Tafiyar tawa ce. Tun da na daina zuwa makarantar da Yaya Hadi ya sa ni, ya ce bayan Sallah zai mayar da ni gida, sai dai in na nuna masa sana'a guda da zan iya riƙewa. Na taɓa sayar da turare, na yi wanke-wanke a wani gidan abinci a Giza, duk na watsar. Wannan karon na ce zan riƙa kai mutane yawo da kwana a daji, kowa da guzurinsa a baya. Abel, da babansa ke aiki a ofishin jakadancinmu, ya aro tanti, ya kuma ce in abin ya yi kyau zai kawo min 'ya'yan ma'aikata. Yaya ya yarda ya biyo mu Wadi Digla, wani gandun daji a bayan gari, ya gani da idonsa.

Na ɗaga jarka ɗaya, na ture ɗayar da ƙafa.

"Wannan fa?" in ji Yaya.

"Nauyi ne kawai, Yaya. Wadi ai rafi ne. Ka manta rafin garinmu da rani? Mata su tona yashi kamu ɗaya, ruwa ya tsattsafo mai sanyi."

"Can garinmu ke nan."

"Haba Ustaz," in ji Abel, "kai da littafi, shi da daji. Ni dai ba zan yi dakon jarka a cikin jirgin metro ba. Yalla, mu tafi."

Yaya ya dube ni, ya dubi jarkar. "Kai ne jagora," ya ce.

Muka bi metro har Ma'adi, daga nan muka hau mota zuwa bakin gandun. Da farko komai tamam, ba matsala. Duwatsu farare a dama da hagu, tsakiya shimfiɗe da tsakuwa, 'yan keke na wuce mu suna ɗaga hannu. Ina gaba ina zuba, ina nuna musu sawun da na ce na yanyawa ne. Duk wanda ya ce ƙishi, sai in miƙa masa jarka in ce ya sha ya more, akwai wani a ƙarƙashin ƙafarsa. Har fuska Abel ya wanke.

Bayan azahar mun yi nisa, mutane sun ƙare, ruwa ya koma gindin jarka. Na zaɓi wata kwana inda wasu 'yan ciyayi suka yi kore, na ce su kafa tanti su zuba ido. Na ciro tukunyar da Yaya ke dafa shinkafa na fara tono.

Kamu ɗaya, ƙasa busasshiya. Kamu biyu, haka. Na sa hannu ina laluben danshi, ba abin da na ji sai zafi.

"Malam jagora, a kawo kofi ko tukuna?" in ji Abel daga inuwar tanti.

"Saura kaɗan."

Na koma wata kwanar na sake tonawa. Bakin tukunya ya lanƙwashe, sai na zare ƙarfen tanti ina caccakar ƙasa da shi. Can na ji ƙarfen ya doki abu. Na share da tafin hannu: farin dutse ne shimfiɗe kamar daɓe. Na ci gaba da dukansa duk da na san ba abin da zai fito, don ban san yadda zan juya in dube su ba.

Inuwa ta rufe ni. Yaya ne da kofi a hannu.

"Sha."

"Rabonka ne, Yaya."

"Kai ne ka yi gumi. Sha, Sagiru."

Na shanye. Ina kallo ya koma gefe ya buga tafukansa a ƙasa ya yi taimama don la'asar. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abel ya daina tsokana. Kansa ke sara, ya yi amai a bayan tanti, leɓunansa suka yi fari. Yaya ya ce khalas, ya isa haka, a naɗe kaya. Ya ɗauki jakar Abel ya haɗa da tasa, ni na riƙe Abel a kafaɗa, muka juya. Yanzu Yaya ne a gaba.

Rana ta yi sanyi kafin muka hango wata mota a gindin dutse. Wani magidanci ɗan Masar ne da matarsa da 'yarsu, sun shimfiɗa darduma suna shan shayi. Yaya, wanda ko gishiri ba ya iya roƙa a wurin maƙwabta, ya je ya yi sallama ya roƙi ruwa. Matar ta yi salati da ta ga Abel, ta miƙo gora, ta jiƙa ƙyalle ta ɗora masa a wuya.

"Wa ke shigowa nan ba ruwa, ya shabab, ku samari?" in ji mutumin. Idonsa ya sauka kan hannuwana. "Wannan kuma me ya tona?"

Na mayar da hannuwana bayana.

"Lissafinmu ne ya kuskure," in ji Yaya.

"Ma'alish, ba komai," mutumin ya ce, yana buɗe mana bayan mota. 'Yar tasu ta ƙura wa tukunyar ido har muka isa titi.

A metro Abel ya jingina kansa da taga. Da zai sauka ya canza layi zuwa unguwar Mohandessin, ya karɓi tantinsa daga hannuna.

"Ustaz, na gode," ya ce wa Yaya. Ni kuwa kai kawai ya gyaɗa min.

Jirgi ya ci gaba. Da muka kusa Ainu Shams, Yaya ya juyo gare ni.

"Da ka tsaya a ramin farko ka ce mu juya, da na sake tunani," ya ce a hankali. "Ran Asabar za mu je mu duba tikitin komawarka gida. Ni zan gaya wa Baba, kada ka damu da wannan."

Na ce to.

Abin da aka rasa a tafiyar: tukunya ɗaya, ƙarfen tanti biyu, farcena uku, mutanen da Abel zai kawo, da zamana a Alƙahira.