Ranar da Mudi Ya Daina Wari

Rahab na tsakiyar wanke-wanke mijinta Ishaya ya faɗo gidan, gaban rigarsa duk baƙin hayaƙi. Ko sallama bai yi ba.

"Sito ya kama wuta a kamfanin silifa," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa saboda katangar da ta raba su da maƙwabta gajeruwa ce. "Mudi ya ƙone. Ni na kai shi asibiti da motar auduga."

"Yana da rai?"

"Yana magana. Je ki zauna da matarsa Hansai, kada ta ji a bakin 'yan titi. Bari in kira yayansa in dawo."

Rahab ta goge hannu a zani ta fita.

Tun da aka buɗe kamfanin a bakin hanyar Zariya Mudi ke aiki a ciki. Shi ke auna wata farar hoda yana zubawa a cikin roba kafin a gasa ta, don ta yi ƙarfi ta zama silifa. Hodar tana da wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke hawa kai, ya kama tufafi, ya kama fata, sabulu ba ya fitar da shi. Da Hansai ta sami ciki, ko sallamarsa ta ji sai amai. Sai ya koma kwana a zaure, ana miƙo masa tuwo daga nesa. Bai taɓa yin fushi ba. Ya dai yi ta bin manaja da magiya a canza hodar, don ya ji an ce a Kano ana aiki da wata hodar da ba ta da wari sosai.

Rahab ta iske Hansai a tsakar gida tana shanya sabon zanin gado a igiya, cikinta ya yi gaba.

"Maman Luka, sannu da zuwa. Kin ji labari? Sabuwar hodar ta iso shekaranjiya. Malam ya ce yau da ita za su yi aiki, yau ɗaki zai kwana."

"Madalla," in ji Rahab. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ta rasa inda za ta ajiye idonta.

A waje mutane na ta gudu, wani na cewa hayaƙin ya kai tashar jirgi. Hansai ta tsaya da zanin a hannu.

"Me ake wa gudu?"

"Zo ki zauna. Rana ta yi zafi."

Hansai ta dube ta da kyau. "Kin kasa haɗa ido da ni. Maman Luka, don girman Allah, mene ne?"

Kafin Rahab ta haɗa kalma, ƙarar motar Ishaya ta tsaya a ƙofar gida. Ya kira ta daga zaure.

"Ki fito da ita. Yana nemanta. Likita ya ce kada a daɗe."

A hanya Ishaya ya ba su labari idonsa a kan titi. Hodar ba ta son zafi, ga bazara, ga rufin kwano, an jibge sabuwa a kan tsohuwa a sito. Da wutar ta tashi, wani ma'aikaci, Abdussamad, yana ciki. Mudi ya shiga ya jawo shi, rufin ya rufto masa a baya. Hansai ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe gwiwar Rahab har farcenta ya shiga.

Ɗakin asibitin na ƙaurin ƙonanniyar roba. An naɗe Mudi da bandeji daga wuya zuwa ƙugu, fuskarsa kaɗai ta tsira. Hansai ta tsaya a bakin ƙofa. Rahab ta ga tana danne amai, ta kama ta.

"Hansai," in ji Mudi. "Matso mana."

Ta taka har bakin gadon, ta durƙusa da ƙyar.

"Abdussamad fa?"

Yayansa Maitama ne ya amsa. "Yana nan lafiya, hannu kawai wutar ta taɓa."

"Alhamdulillahi." Ya lumshe ido, ya sake buɗewa a kan matarsa. "Da sabuwar na yi aiki tun safe. Ba na wari yau, ko?"

Hansai ta kai fuskarta dab da goshinsa, ta ja numfashi mai tsawo.

"Ba ka yi, Malam."

Ya nemi ruwa, ma'aikaciyar jinya ta jiƙa masa leɓe da auduga. Maitama ya sunkuya yana maimaita kalmar shahada a kunnensa. Ana kiran la'asar numfashin ya tsaya.

Suka dawo da shi a bayan motar, Maitama da abokan aikinsa a zagaye da shi. Matan na gaba, Ishaya na tuƙi a hankali yana kauce wa ramuka. Ragowar audugar bara na shigowa ta taga tana sauka a kan mayafin Hansai, Rahab na tsince ta tana saki a iska.